Wutar Mataki na Huɗu

Duk wanda ya zo koyon sana'ar nan a wurina, ranar farko nakan ba shi kujera da kwamfuta in ce ya kunna mini wuta. Kafin in gama shan shayina sai in ji, "Malam Bashari, na gama." In leƙa in tarar da wani jan abu yana kaɗawa a tsakiyar allo kamar tutar 'yan siyasa. Ya shiga manhaja ne ya tarar da wutar da wasu suka dafa suka ajiye, ya danna, ta tashi, shi ke nan a ganinsa ya zama gwani. Ku ma da kuke zaune yau na ga irin wannan kallon a idanunku. To ku gyara zama in ba ku labarin wutar da ta kusa raba ni da aikina, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba.

Aikina a harkar gem, wato wasannin waya da kwamfuta, shi ne wuta, hayaƙi, tartsatsi da hasken da suke jefawa. Irin gem ɗin da muke yi a nan Kaura shimfiɗaɗɗe ne, akwai hagu da dama, akwai sama da ƙasa, amma babu zurfi. A irin wannan gem, wuta ba zane ɗaya ba ce. Ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa suke fitowa daga wuri guda da muke kira maɓuɓɓuga. Kowace ƙwaya kai za ka yanke mata girmanta, da saurin tashinta, da tsawon ranta, wanda sau da yawa bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Takan fito fara-fara, ta koma rawaya, ta yi ja, ta dushe ta ɓace, wata ta biyo bayanta. Inda suka taru da yawa haskensu yana hawa kan juna, shi ya sa gindin wuta ya fi bakinta haske.

Wannan rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne hasken. Za ka lulluɓe allon da duhu, sannan ka huda da'ira a inda wutar take, ka sa da'irar tana ɗan buɗewa tana tsukewa. Idan ka sa ta tana yi daidai-daidai kamar agogo, idon mutum zai kama ƙaryar nan take, ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Dole ka ba ta halin rashin tsari, ta yi tsalle inda ba a zata ba, bango ya ɗan yi ja ya koma, inuwar turmi ta matsa ta dawo. Kuma duk wannan sai ka yi shi a wayar da mai ita ya saya hannu na uku, allonta a tsage, memorinta cike da wa'azi da hotunan suna.

Ni da zanen allon shago na fara, da fenti da buroshi. Daga nan na koma shagon buga katin biki, inda na koyi riƙe linzamin kwamfuta. A can Oga Lawali ya same ni. Shi ne ya fara kawo sana'ar gem garin nan bayan ya yi shekaru a kudu, mutum ne gajere mai ƙarancin magana, wanda yabonsa mafi girma shi ne ya ce "to". Ya ga yadda nake zana wuta a ƙarƙashin tukunya a tallan wata mai abinci, ya ce in zo in gwada. Na tafi ina hura hanci, a zatona sati ɗaya ya ishe ni.

Wata huɗu na yi ina koyon yin hayaƙi kawai. Wutar farko da ya yarda na yi, na kai masa ina murmushi, ya dube ta ya ce, "Icen mi ka ci nan?" Na ce ai wuta ce kawai, Oga. Ya ce babu wata aba wuta kawai, ya kashe kwamfutar, ya ce kada in sake taɓa ta sai na zaga gari. Sati biyu ina yawo da littafi. Na zauna wurin maƙeri na ga yadda gawayi yake fari idan an danna zuga-zugi ya koma ja idan an saki. Na zauna wurin mai tsire har ya fara ɓoye tirensa, yana zaton wani abin nake hari. A nan na gane wutar kara tana tashi da fushi ta mutu da wuri, wutar ƙirya tana ci a hankali ba hayaniya, ta kashin shanu kuwa hayaƙinta ya fi harshenta yawa. Da na koma na yi masa wutar kara, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce "to".

Masu kawo aiki kuwa, kowa da irin wutar da ke kansa. Akwai wani dillalin shanu daga Shinkafi da ya sa muka yi masa ɗan gem na talla, ya ce lallai bijimin da ke ciki ya riƙa fitar da wuta ta hanci. Na yi masa, har da tartsatsi. Amma na cika ƙwayoyin da yawa don in burge shi, wayarsa kuma tsohuwa ce, sai ta ɗauki zafi a hannunsa. Washegari ya dawo yana riƙe da ita a cikin hula, ya ce, "Malam, wutar ta yi kyau, amma a rage ta, ta hwara hitowa ta baya." Ban tsaya yi masa bayani ba. Na rage ƙwayoyin, ya tafi yana gaya wa mutane cewa yaran Kaura har wutar gaske suna sa wa a waya.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo ne a shekarar da ta fi kowace muni a sana'armu. Hanyoyi sun lalace da rashin tsaro, aka ɗauke sabis na waya na tsawon lokaci, mu kuwa da sabis muke karɓar aiki muke turawa. Masu ba mu aiki daga nesa suka nemi wasu. Mu shida ne a shagon Oga, muka koma uku: shi, da mai zane, da ni. Muna zaune muna kallon juna sai ga Hajiya Luba.

Hajiya Luba tsohuwar shugabar makaranta ce daga Shinkafi, 'yar gidan malamai, irin matan da idan suka dube ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana aji ɗaya. Bayan ta yi ritaya ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure a Zurmi da Sakajiki. Tana son gem da zai yi aiki ba tare da sabis ba, wanda mata za su riƙa koyon haruffa da shi a wayoyin da ta raba wa azuzuwan. Aka tsara shi a kan wata mata mai suna Tumba, tana harkokinta na yau da kullum tana tsintar haruffa. Mataki na ɗaya a rijiya, na biyu a gona, na uku a wurin surfe. Mataki na huɗu a tsakar gidanta ne da almuru, ta sauke tuwo, za ta tsinci haruffa huɗu ta fita ta ƙofar dama ta kai wa maƙwabciya ɗauki.

Mataki na huɗun nan shi ne rabona a duk aikin, domin a nan kaɗai ake da murhu. Na zuba duk abin da na sani. Duwatsu uku, itace huɗu, harshen wuta gajere irin na bayan an sauke tukunya. Hasken yana lasar gindin turmi, yana taɓa zanen Tumba idan ta gifta. Mai zane ya riga ya sa dannin kara a hagu da rumbun gero a bayansa, na ga wurin yana da duhu mai kyau, sai na sa 'yar iska tana kwasar tartsatsi tana kai shi can. Jan tartsatsi a kan baƙin jinka, wallahi abin ya yi kyau. Na auna a tsofaffin wayoyi uku, babu wadda ta yi ko ɗumi. Oga ya kalla ya ce "to" har sau biyu, abin da ban taɓa ji ba.

Aka zuba gem a wayoyi aka kai azuzuwa. Bayan sati uku Hajiya ta dawo shagon, ta ƙi zama. Ta ce malaman azuzuwanta sun aiko mata cewa gem yana maƙalewa a mataki na huɗu. A Zurmi haka, a Sakajiki haka, babu mace ɗaya da ta wuce. Ta ce, "Malam Lawali, na tambaya an ce mini wutar nan ita ce ke da nauyi. Ni karatu na ce a koya musu, ban ce a dafa musu tuwo ba. A cire ta." Oga ya roƙi sati biyu. Ta ce ta ba shi, ranar Laraba ta biyu za ta je Sakajiki da kanta ta gani, idan ba a wuce matakin ba a gabanta, wuta ta fita.

Da ta tafi Oga bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Bashari, in anka cire wuta, mai zane na iya sa hoton fitila. Kai kuma ban da abin da zan ba ka." Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiyar ke nan, wannan aikin kaɗai ne a shagon. Hankalina ya tashi ƙwarai, ina da iyali, kuma babu mai neman allon shago a shekarar da ake rufe shaguna.

Kwana huɗu na yi ina neman laifin da babu shi. Na rage ƙwayoyi rabi, na rage girman hasken, na ari wayar da ta fi kowace lalacewa a unguwarmu na buga matakin sau ashirin, Tumba tana fita ta ƙofar dama lafiya lau. Da akwai sabis da wayoyin sun turo mana rahoton inda suke tsayawa, amma babu. Na ce to, gani ya kori ji. Ina da taubashiya a ajin Sakajiki, Atine, 'yar kawuna, wadda tun muna yara ba ta taɓa barina na sha ruwa a gabanta ba tare da ta ce na shanye rijiya ba. Na bi motar safe na tafi.

A wani aji na firamare suke haɗuwa bayan an tashi yara. Malamarsu ta nemar mini izini, aka ajiye mini benci a bakin ƙofa. Atine tana ganina ta ce, "A'a, bawana ya zaka gaisuwa? Mi ka kawo man?" Na ce na kawo mata ilimi, tunda na ji shi ya gagare ta. Matan suka yi dariya, aka raba wayoyi, na ce ta buga ina kallo.

Ta wuce rijiya, ta wuce gona, ta wuce surfe, hannunta ya fi na wasunku sauri. Ta shiga mataki na huɗu ta tsince haruffan nan huɗu tas, kibiya ta fito tana nuna ƙofar dama. Sai ta juya Tumba ta kai ta gaban murhu ta tsayar. Ta ɗora babban yatsanta a kan gindin itace ɗaya tana ja baya. Itacen bai motsa ba, domin zane ne. Ta sake ja, ta koma na biyu, ta yi tsaki. Na dubi sauran matan, kowacce Tumbarta tana tsaye a gaban murhu tana ta goga yatsa. Wata dattijuwa a gefe ta tsoma yatsa a butarta ta ɗiga ruwa a kan allon, ta goge da mayafi, ta sake ɗigawa.

Na ce, "Atine, ga ƙofa can, ki fita mana."

Ta ɗago ta dube ni. "In hita?"

"Kin gama haruffa, fita ya rage."

"In hita in bar wuta tana ci? Kai ba ka ga tartsatsi na tahiya gindin danni ba? Ga rumbu cike da gero. Gidan wa anka yi haka?"

Na ce ai gem ne, babu abin da zai ƙone.

"To mi ya sa anka sa iska?" Ta miƙo mini wayar har hancina. "Dibi inda shika kai shi. Wanda yay yi wagga wuta bai taɓa kwana gidan kara ba."

Malamar ta ce, "Ai shi ne ya yi ta."

Ajin ya kwashe da salati da dariya. Atine ta tafa hannu ta ce, "Ashe kai na! Dole. Mutumin da ko ruwan zahi bai taɓa dahwawa ba shi anka ba murhu." Dattijuwar mai buta ta ce da ni, "Ɗana, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu ba mu sani ba, don haka ba mu hita." Na tambayi malamar dalilin da ya sa ta aika cewa gem yana maƙalewa, ta ce ai ya maƙale ɗin, tunda itace ya ƙi fita. Ita ma ashe ba ta taɓa wucewa ba.

Na zauna a bencin nan kunya ta rufe ni. Sati biyu na yi ina zagaya gari ina kallon yadda wuta take ci, ban taɓa tsayawa na ga yadda ake kashe ta ba, domin lokacin da mata suke wannan aikin mu mun riga mun wanke hannu mun fita hira. A ƙauyukanmu kuwa, inda danni kara ne, jinka ciyawa ce, abincin shekara yana rumbu taku biyar daga murhu, yarinya tana koyon wannan kafin ta koyi tuƙa tuwo. Ba a ba wa wuta baya.

Na bi Atine gida na ce ta nuna mini. Ta ce sai na durƙusa na ce ita ce uwar ɗakina, na durƙusa, mijinta yana gefe yana dariya. Ta hura wuta da rana tsaka don ni kaɗai, ta bari ta kama, sannan ta fara. Ta zare itace ɗaya-ɗaya tana jan su gefe, ta yayyafa musu ruwa daga ƙwarya, kowanne ya yi cuu ya fitar da farin tururi. Garwashin da ya rage ta tara shi tsakiya da guntun kasko ta rufe da toka. Na sa ta maimaita sau uku ina ɗauka a waya, tana cewa itacen da na ɓata mata sai na saro mata wani.

Kwana takwas na yi a kan mutuwar wutar nan, kuma kashe ta ya fi kunna ta wuya nesa ba kusa ba. Na raba maɓuɓɓugar gida huɗu, kowane itace da tasa, don idan an zare ɗaya harshen ya ragu ta gefensa. Da'irar haske ta riƙa tsukewa da kowane itace, launinta yana barin rawaya yana komawa ja mai duhu, inuwar turmi tana narkewa cikin duhun gidan. Tururi na yi shi dabam da hayaƙi, fari, mai saurin tashi da saurin ɓacewa. Tartsatsi ya ragu har ya tsaya. Oga ya kawo shawarar a ɗora harafi a kan kowane itace, mace ta zare su bi da bi ta haɗa kalmar wuta, don kada Hajiya ta ce an bar karatu an koma aikin gida. Muka gwada daga farko har ƙarshe sau da yawa. Tumba ta kashe wuta, ta fita ta dama, mataki na biyar ya buɗe.

Ranar Laraba muka isa Sakajiki ni da Oga. Hajiya Luba ta riga mu, tana zaune a kujerar malama da jakarta a cinya. Ta ce a ba mace ɗaya ta buga a gabanta, Atine ta miƙe tun ba a kira suna ba. Ta zauna a tabarma kusa da ƙafar Hajiya, sauran matan suka kewaye su, mu muna leƙe daga baya.

Ta isa mataki na huɗu. Ta ɗora yatsa a kan itacen farko ta ja, ya biyo ta. Matan suka yi guɗa. Ta zare na biyu, na uku, na huɗu, tana karanta haruffan da ƙarfi, ta yayyafa ruwa, tururi ya tashi, ta ja toka ta rufe. Tsakar gidan ya yi duhu sai ɗan hasken almuru. Ta juya Tumba ta fita ta ƙofar dama, mataki na biyar ya buɗe a ƙofar gidan maƙwabciya. Oga ya sauke numfashi. Ni har na fara shirya abin da zan gaya wa Atine a kan masu raina bayinsu.

Tumba ta yi taku uku, sai Atine ta tsayar da ita ta juya ta hagu.

Na ce, "Ina kuma za ki?"

Ta ce, "In koma in diba mana. Ana hita ba a waiwaya ba?"

A irin gem ɗinmu, duk lokacin da aka shiga wuri, manhaja tana gina shi sabo daga farko, sai dai idan ka gaya mata ta tuna abin da aka yi a ciki. Ni ban gaya mata ba. Mu uku a shago, duk maza, mun buga matakin nan ba adadi, babu wanda ya taɓa tunanin komawa.

Tumba ta shiga gida. Ga itace huɗu a murhu, ga wuta tana ci bal-bal kamar ba a taɓa ta ba, ga iska tana kwasar tartsatsi zuwa danni. Ajin ya ɗauki salati. Atine ta ce, "Wa ya shigam man gida?" Dattijuwar mai buta ta fara laluben butarta.

Kafin kowa ya motsa, Hajiya Luba ta sunkuyo ta fizge wayar daga hannun Atine. Jakarta ta faɗi ƙasa ba ta ko duba ba. Ta zare itacen nan huɗu da sauri irin na wadda ta yi shekara hamsin tana yi, ta watsa ruwa, ta ja toka, ta tsaya tana kallon allon har tururin ƙarshe ya ɓace. Sai a lokacin ta ɗago ta ga duk ajin ita ake kallo. Ta gyara tabarau, ta gyara mayafi, ta miƙa wa Atine wayar kamar ba ita ba.

Babu wanda ya yi ƙarfin halin dariya, sai Atine da ta toshe baki da gefen zane kafaɗunta suna rawa. Hajiya ta dubi Oga ta ce, "Malam Lawali, a bar wutar." Sannan ta dube ni ta saman tabarau. "Kai kuma, Malam Bashari, ba za ka bar aikin nan ba sai ranar da na kashe ta ta kasu. Kuma a sa murhu a mataki na bakwai, wurin suyar gyaɗa. Na ga sun fi riƙe harafin da suka ciro daga wuta."

Gyaran bai ɗauke ni awa ɗaya ba da muka koma Kaura. Layi biyu ne na rubutu, manhaja ta riƙa tuna cewa an kashe. Na ƙara ɗan siririn hayaƙi yana fita daga tokar, don wadda ta dawo dubawa ta tarar da abin da ta saba tararwa. Aikin ya riƙe mu har sabis ya dawo, kuma murhu huɗu na yi a cikinsa kafin a gama.

Atine ta kai ƙarshen gem ɗin tuni, yanzu ita take rubuta mini saƙon zagi da hannunta. Amma malamarsu ta ce har yau idan Atine ta karɓi waya don nuna wa sababbin ɗalibai, ta kashe wutar mataki na huɗu ta fita, sai ta koma ta duba sau biyu. Da na tambayi Atine dalili, na ce ai na gyara tun tuni, sai ta ce ita ba wutar take tuhuma ba, ni take tuhuma.